Taku Goma Sha Biyu Daga Rijiyar Hasana

A Damagaram yanzu idan aka ambaci Alhaji Zakariya'u sai ka ji an ce mai ruwa, a bi shi da addu'a. Motocinsa na tanki uku ne, suna shiga unguwannin da famfo ya yi wata bai ɗiga ba, mata su fito da bido, wato jarkar ruwa, da robobi suna sa masa albarka kamar kyauta yake ba su. Ni ba na sa masa albarka. Na san inda ruwan nan yake fitowa, na kuma san wadda aka zuƙe shi daga ƙarƙashin ƙafarta, domin shekara goma sha ɗaya ina sarin ganyen salati da albasa a hannunta ina kaiwa kasuwa a birni. Sunana Aliya. Ban yi lakwal, karatun boko, mai zurfi ba, amma idona biyu ne kuma duka suna gani.

Hasana yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta ya yi wayo. Tana zaune a ƙauyensu, Kwarin Tsamiya, ta wajen Zermu. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure can Garagumsa. Da aka raba garka, wato lambun ubansu Malam Gambo, Alhaji ya ɗauki tudu mai faɗi, ita aka bar mata 'yar kusurwar kwari inda tsohuwar rijiya take. Bai ko leƙa rijiyar ba a lokacin, me babban ɗan kasuwar siminti zai yi da guga. Rijiyar gaba shida ce, ba ta taɓa ƙafewa ba ko a shekarun da damina ta gaza. Da ita Hasana take ci, da ita take sutura, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Fangali arba'in take yi na albasa da salati da shu, wato kabeji, ga lemun tsami bakwai, ga zogale a bakin darni.

Bayan girbin hatsi, shekara biyu da suka wuce, Alhaji ya zo da wani masanin ruwa mai suna Suma'ila, ya ce zai haƙa foraj, rijiyar burtsatse, a tudunsa. Kwana biyu Suma'ila yana yawo da wayoyinsa da na'urarsa a kan tudun, duk inda ya auna sai ya girgiza kai ya ce dutse ne. A rana ta uku ina garkar ina ɗaure zogale, Hasana ta dama fura ta kai musu, don baƙon ƙaninta baƙonta ne. Suma'ila ya sha, ya yaba, ya tambaye ta labarin rijiyarta.

Nan ta yi kuskuren da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanenmu na garka ba su da abin alfahari kamar sanin rijiyarsu. Ta ja shi har bakin rijiyar tana murna an tambaye ta abin da ta sani, ta nuna masa da hannu cewa idon ruwan ta gabas yake shigowa, ubansu ne ya nuna mata tun tana budurwa, ya ce mata duk ranar da za a yi yasar rijiyar kada a taɓa wannan gefen. Gabas ɗin nan kuwa iyakar Alhaji ce. Suma'ila ya juya ya fara takawa yana ƙirgawa, ya ƙetare darni, ya tsaya a taku na goma sha biyu.

In ba shi haƙƙinsa, ya faɗa. A gabana ya gaya wa Alhaji cewa wurin ya yi kusa, idan injin ya fara ja rijiyar za ta ji a jikinta. Alhaji ya tambaye shi abu ɗaya, wurin da yake tsaye cikin rabon wa yake. Suma'ila ya ce cikin nasa. Alhaji ya ce to a kafa. Hasana ba ta ji wannan ba, ta koma ɗauko musu ƙarin fura, ni kuma na ci gaba da ɗaurin zogalena, ina ce wa raina ba a shiga tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

Kwana tara injin haƙa yana ruri, a na goma ruwa ya yi tsiri sama, ƙauye ya ɗauka da guɗa, Hasana ce kan gaba. Aka kafa shato, babban tankin nan na kan ƙafafun ƙarfe, aka jera farantan hasken rana, aka ja katanga, aka sa wani Yusufu gadi a ƙofa. Motoci suka fara zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni.

Sati uku bayan nan na iske Hasana zaune tana ƙulla sabuwar igiya a bakin tsohuwa. Ta ce guga ne ba ya taɓa ruwa idan rana ta ɗaga, tana dariya, wai rijiyar ma ta fara tsufa irinta. Ba a daɗe ba ta gane lokacin. Injin Alhaji da rana yake tashi, da ita yake kwanciya. Da asuba ruwa yana nan ya taru, da hantsi ya fara ja da baya, kafin azahar guga sai ya dawo da laka. Sai ta koma fita tana idar da sallah, ta ja, ta zuba, ta ja, ta zuba, idonta yana kan gabas. Mace mai shekara hamsin da biyar tana tsere da rana, kuma kullum ranar ce ke cin tseren. Fangali arba'in ba sa samun ruwa a awa biyu, ko da hannunta huɗu ne.

Alhaji yakan zo kowace Jumma'a cikin farar motarsa ya duba forajinsa. Ta tare shi a bakin katanga, ta gaishe shi da mutanen gida, sannan ta gaya masa abin da take gani, cikin ladabi kamar ita ce ƙanwar. Ya yi dariya har yana riƙe hula.

"Yaya ke nan," ya ce. "Taki gaba shida ce, nawa metir sittin. Ina ruwan sama-sama zai haɗu da na can ƙasa? Daminar bana ce ba ta yi ƙarfi ba, ki tambayi kowa."

Ta dawo ta ce mini wataƙila gaskiyarsa ne, shi da yake zama da masu ilimi. Na ce mata daminar bana ta fi ta bara, ita ma ta sani. Ta ce in bar zancen.

Da bazara ta shigo, birni ya shiga wahalar ruwa irin wadda ya saba shiga, ciniki ya buɗe wa Alhaji. Ya ga ashe asara yake yi da yake barin injin yana hutawa idan rana ta faɗi. Sai ya sayo gurup, injin wutar nan mai shan gazuwal, aka haɗa, famfo ya daina kwanciya sam. Ruwan asubar da Hasana take tsere a kansa shi ma ya tafi. Ta ƙara igiya gaba guda, abin da ya rage a ƙasa bai kai ya cika guga ba, sai ta jira ya tattaru kamar mai tatsar akuya.

Ta kira Ɗanƙarami, mai yasar rijiya, wanda ya yi shekara talatin yana shiga rijiyoyin kwarin. Ya sauka, aka fitar da laka guga ashirin, sannan muka ji digarsa ta daki wani abu ta yi ƙara. Ya sake dukawa, ya sake, daga nan ya ce a zuro masa bokitin ruwa. Muka yi mamaki, amma muka zura. Da ya fito ya zauna a bakin rijiyar ya daɗe yana goge laka a ƙafarsa kafin ya yi magana.

"Inna Hasana, ba inda za a ƙara, dutse na tarar. Ƙasar nan tamu akushi ce ta dutse aka cika ta da rairayi. Ruwan damina ne yake sauka ya kwanta a ciki, ba daga wani wuri yake zuwa ba. Ke kina ɗiba da ludayi daga sama, shi ya huda gindin akushin ya kafa baki. Ruwan da kuka zuro mini na zuba shi a ƙasa, ina kallo ya bi ta idon nan na gabas ya fice. Idon da yake kawo miki, yanzu shi yake kwashe miki."

Ta roƙe shi ya maimaita wannan magana a gaban Alhaji. Ɗanƙarami ya sosa ƙeya, ya ce shi talaka ne, kuma an yi masa alkawarin aikin shafen katangar foraj. Ya ɗauki digarsa da igiyarsa ya tafi.

Washegari ta biyo ni cikin motar kayan miya zuwa birni. Muka yi zaman awa uku a zauren Alhaji kafin ya fito. Abu biyu ta nema, ko dai a huta da injin kwana biyu a mako rijiyar ta samu ta farfaɗo, ko a ba ta ruwan da za ta yi ban-ruwa daga shato. Ya saurare ta yana latsa waya. Ya ce ta san dubu nawa ke jiran motocinsa kuwa, tana so yara a birni su wuni da ƙishirwa saboda albasa? Sai ka rantse don tausayin yaran nan yake kwana bai yi barci ba. Game da shato kuma ya ce idan ya buɗe mata, duk masu garka a kwarin za su zo su ce su ma 'yan'uwa ne. Da ya ga hawaye a idonta sai ya sassauta murya, ya ce ta kwantar da hankalinta, yana shirin wani babban abu da sunan mahaifinsu wanda ita ma za ta amfana.

Babban abin ya zo bayan wata guda. Famfo ne na sadaka, kai biyu, aka manna allo a samansa da sunan marigayi Malam Gambo da roƙon a yi masa addu'a. Aka yanka rago, liman ya yi wa'azi a kan ladan shayar da ruwa, aka ɗauki Alhaji hoto yana buɗe kan famfon da farar riga. Ba a kafa shi ta gefen garkar Hasana ba, inda taku kaɗan ne. An kafa shi ta gefen hanya, inda duk motar da ta wuce za ta karanta allon, sai an zagaye katangar gaba ɗaya a hau tudu kafin a kai gare shi. Aka kuma kafa doka, bido biyu kowane gida a wuni, kuma ruwan sadaka na sha ne.

Haka Hasana ta shiga layi da bidonta, a ƙarƙashin sunan ubanta, tana jiran a sam mata ruwan da aka janye daga rijiyar da uban ya bar mata. Ta ɗauki na farko a ka, ta dawo ta ɗauki na biyu. Kaɗan take sha, kaɗan take girki da shi, wanka sai ta kwana biyu, sauran duk gindin shuka yake tafiya. Ranar da ta koma da na uku Yusufu mai gadi ya ɗora hannu a kan famfon.

"Inna, ki yi haƙuri, an ce na sha ne. Albasa ba ta cikin masu sha."

Matan layi suka yi dariya. Wata daga baya ta ce, yadda kowa zai ji, ai bai kamata a ɗebi ruwan sadakar mamaci a je a yi kasuwanci da shi ba. Matar da ta faɗi haka ta sha ɗibar ruwa kyauta a rijiyar Hasana ta fi shekara goma. Hasana ta ɗauki bidonta fanko ta gangara.

Daga nan sai zaɓen wanda zai fara mutuwa. Shu ta fara saki, don shi ya fi shan ruwa. Bayan sati ta saki salati, ya kwanta ya yi launin takarda. Albasar ta tone ta tun ba ta ƙosa ba, ƙanana kamar goriba, na ɗauka na kai kasuwa don kada in karya mata zuciya, masu saye suna juya ta suna tambayata ko ta dashe ce. Abin da ya rage mata lemun tsami bakwai. Ta yi wa kowanne ɗan gurbi a gindi, ta rufe da kara, tana zuba musu da moɗa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ba marasa lafiya magani.

Ni na matsa mata ta kai ƙara wurin Baba Tanimu, ƙanin ubansu, wanda shi ya rage babba a gidan. Aka zauna a zaurensa wata Jumma'a bayan an sauko daga masallaci. Alhaji ya fara magana, ya lissafa rago da famfo da allo, ya ce bai san me kuma ake so ɗa ya yi wa ubansa ba. Ya ce shi bai zargi yayarsa ba, ya san masu zuga ta ne, mutanen da ba sa son ganin ɗan gidan ya ci gaba. Yana faɗa yana kallona. Da aka ba Hasana dama ba ta yi doguwar magana ba.

"Baba, ni ba sadaka na zo nema ba. Kai ka raba mana garka, kai ka ce rijiya tana rabona. Ruwan da ke cikinta nake tambaya, ina ya tafi?"

Baba Tanimu ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta wanda zai faɗi abin da ya riga ya shirya. Ya ce ƙasa aka raba, ba wanda ya taɓa raba ruwa, ruwa na Allah ne, inda ya ga dama nan yake kai shi. Ya ce Zakariya'u bai ƙetare iyaka da ko taku ɗaya ba, kuma ba wanda ya gan shi da guga a rijiyarta. Ya ce mace babba kamarta ba ta tsayawa sa-in-sa da ƙaninta a kan abin duniya, zumunci ya fi garka. Yana cikin wannan nasiha jikarsa ta shigo da butar alwala ta ɗiba a famfon da ke tsakar gidansa. Duk ƙauyen gidan Baba Tanimu ne kaɗai aka ja wa bututu daga shato, kuma ba a ƙirga masa bido.

Aka shafa fatiha, aka ce an sasanta.

Damina ta zo ta ɗan rufa asiri. Ruwa ya dawo rijiyar kamar kamu biyu, Hasana ta yi murna har ta zuba irin albasa. Wata guda bayan ɗaukewar ruwan sama ya sake zurarewa, irin ya ƙone a inda yake. A rani na biyu rijiyoyin maƙwabta ma suka fara ja da baya, waɗanda suka yi dariya a layi suka fara ƙulla igiya. Ba wanda ya ce uffan, kowa yana tsoron a hana shi bido biyunsa.

Sai forajin kansa ya fara tari. Ya kawo ruwa ya katse, ya kawo da rairayi, motar da take cika cikin awa guda ta koma wuni. Aka sake ɗauko Suma'ila. Ya auna nan, ya auna can, ya ce abin da ke wannan gefen an shanye shi. Ya ce tsagar dutsen da ta fi zurfi, inda sauran ruwan ya kwanta, tana daidai ƙarƙashin tsohuwar rijiya, Malam Gambo ya san inda ya haƙa. Yusufu mai gadi ne ya ba ni labarin, yana ganin abin dariya ne.

A satin nan Alhaji ya tuna yana da yaya. Mutumin da yake wucewa ta bakin darninta gilashin mota a rufe, sai ga shi a tsakar gidanta da turmin atamfa da man zafi da buhun shinkafa. Ya ce rabonsa da barci mai daɗi tun da aka gaya masa tana ɗaukar bido a ka, me mutane za su ce, yana raye yayarsa tana wannan wahala. Ya ce ta tattara ta koma birni, ga ɗaki da fanka, ta huta haka nan. Garkar kuma shi zai riƙe mata amana. Baba Tanimu ya aiko cewa wannan ita ce maganar hankali. Aka buga wa 'yarta waya a Garagumsa, ita ma ta yi kuka ta ce Inna ki yarda.

Hasana ta ce ba inda za ta. Ta ce lemunta huɗu sun rage, kuma muddin akwai ganye ɗaya kore a garkar nan ba za a ce matacciya ce ba. Ta ci gaba da hawa tudu da sauka, bayanta ya fara lanƙwasa, tana tafiya tana dafa katangar ƙaninta. Na ce ta bari in riƙa ɗauko mata idan na zo, ta ce ni sau biyu nake zuwa a mako, lemu kuwa kullum yake sha.

Wata Talata da azahar ƙafarta ta gurɗe a gangaren, ta faɗi, bidon ya danne mata ƙugu. Ban taɓa ganin motar Alhaji ta iso ƙauye da sauri irin na ranar ba. Aka kai ta asibiti a birni, likita ya ce ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, sai hutu. Daga asibiti aka wuce da ita gidan Alhaji, ba a tambaye ta ba. Kwana biyar bayan nan na je ƙauye na tarar an cire darni, an sare lemun huɗu don babbar mota ta samu wurin juyawa, injin haƙa yana tsaye a kan bakin rijiyar Malam Gambo. Ma'aikatan suna ta yabon wurin, wai an rage musu aikin gaba shida.

Ba wanda ya saci ƙasar Hasana, a tambayi Baba Tanimu. Har gobe rabonta ne, amana aka riƙe mata. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta daga gidanta, jinya aka kai ta. Duk abin da aka yi mata an yi shi da sallama da fatiha da sunan zumunci, shi ya sa ba inda za ta kai kuka a ji. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, da ni da Suma'ila da Ɗanƙarami da matan layi, kowannenmu yana da dalilinsa mai kyau, kuma kowannenmu yana shan ruwan. Ni ma nan a birni motar Alhaji ce take cika mini randa, ban taɓa mayar da ita ba.

Bayan wata biyu na je duba ta. Gidan Alhaji yana sabuwar unguwa, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ina shiga na ga abin da ban taɓa gani a Damagaram ba, ciyawa kore shar a shimfiɗe kamar darduma, da furanni ja da fari a jere a gindin katanga. Hajiya Munira, matar gidan, ta tarbe ni da fara'a. Ta ce Yaya ta samu sauƙi ƙwarai, sai dai ba ta iya zama haka kawai, shi ya sa suka bar mata kula da furanni, ai tana da hannun shuka, tun da ta karɓa suka yi kyau.

Na same ta a bayan gida a kan 'yar kujera, ta rame, tiyo a hannunta. Ta danne bakinsa da babban yatsa, tana sakin ruwan kaɗan-kaɗan daidai gindin kowane fure, ko ɗigo ba ya zuba a banza. Muka gaisa. Ba ta tambaye ni garka ba, na ga alamar an riga an gaya mata. Can sai ta tara tafin hannunta a bakin tiyon, ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Namu ne," ta ce. "Ɗan kanwa-kanwan nan nasa. Jiya motar ta kawo."

Ta nuna furannin da haɓa, ta tambaye ni ko na san abin da ake yi da su, ko ana sa su a miya. Na ce ba a yin komai da su, kallo ne kawai. Ta gyaɗa kai ta matsa ga na gaba.

Alhaji ya fito baranda da waya a kunne, ya ɗaga mini hannu, ya tsaya yana kallon yadda yayarsa take lallaɓa ruwan. Ya janye wayar daga kunnensa, ya yi murmushi irin na mai kyauta.

"Yaya, ki daina wannan tsimin, ki saki tiyon. Nan gidan akwai ruwa."

Hasana ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta cire yatsanta, ruwan ya ɓalle da ƙarfi, ya wuce furannin, ya malale a kan siminti, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi.